Geron Inna da Gwangwanin Toka

Ranar da Inna ta baro ƙauyenmu ko kwanon cin tuwonta ba ta ɗauko ba. Mota ta sauke su a Kwangila a nan Zariya, ita da ƙanenta wanda muke kira Kawu, suka shigo keke har ƙofar gidana a Tudun Wada. Na fito da gudu ko mayafi babu. Abin da na gani a cinyarta ɗan ƙullin zannuwa ne, sai wani dogon abu naɗe cikin tsohon buhu da ta rungume a ƙirji. ’Yan bindiga sun shiga ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu sau biyu cikin wata guda, mutanenmu ba su tsaya jiran na uku ba. Kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya fara kaiwa. Ita hannunta kan damin gero ya kai.

Ba geron ci ba ne, iri ne. Zangarniya wajen talatin, zaɓaɓɓu, ɗaure da igiyar rama. Geron garinmu daban yake da wanda nake aunowa a kasuwa. Kowace zangarniya tana da dogon gashi mai tsini, in tsuntsu ya zo sauka sai ya soke shi ya tashi. Ga saurin nuna. Wasu garuruwan suna kallon gonarsu ɗanya, mu mun fara gasa tumu.

Kafin Inna ta sha ruwan da na kawo mata sai da ta shiga madafa, ta sa na hau turmi na rataye damin a katakon rufi, daidai saman murhu.

“Nan ne ɗakinsa,” in ji ta. “Hayaƙi yake so. Ke dai ki ci gaba da hura wuta.”

Daminar farko ta shuka shi a wani fili da ke bayan gidanmu, ta girbe, ta zaɓi sabo ta maye gurbin tsohon. Shekara ta zagayo mai filin ya kawo bulo ya fara gini. Kafin mu samo wani wurin ciwo ya kwantar da ita, Allah Ya karɓi abinSa. Allah Ya jiƙan ta, Ya haskaka kabarinta.

Bayan rasuwarta da ’yan watanni maigida ya sayo mini murhun gas, aka ce tsohuwar madafa ta zama wurin ajiyar kaya. Na sake hawa turmin nan don in sauko da damin. Ina sama idona ya kai kan wani abu a can saman katanga, a ɗan tsakanin da ke ƙarƙashin kwanon rufi. Gwangwanin madara ne, an liƙe bakinsa da laka, an ɗaure shi da yagen zanen Inna. Na sa ɗan yatsa na taɓa shi, sai toka ta zubo kaɗan ta wata tsaga.

A Islamiyya an sha ja mana kunne a kan abubuwan da ake binnewa a gida ko a saƙala a rufi da sunan tsari. Ina ƙarama na ga irinsu a ƙofar rumbun wasu mutane a ƙauye. Zuciyata ta ce mini Inna ta tsorata da abin da ta gani, wani ya haɗa mata wani abu, ta kawo ta ɓoye a gidana. Na ji tsoron buɗewa, na ji tsoron jefarwa, na ji kunyar maigida ya san uwata da irin wannan. Na sauko na bar shi inda yake. Daga ranar, duk sujadar da zan yi sai na nema mata gafara a kan gwangwanin nan, ban gaya wa kowa ba.

Shi kuwa damin, hayaƙi ya mayar da shi baƙi ƙirin. Na dube shi na ji ba daɗi. Abin da Inna ta rungumo ta bar kayan ɗakinta saboda shi, a ce yana zaune cikin datti haka? Lokacin tsakiyar damina ne, ana marka. Na ɗora ruwan ɗumi, na samo farin tsumma, na bi zangarnun ɗaya bayan ɗaya ina gogewa a hankali. Ina tuna guda biyu daga ciki, da baƙin ya fita sai na ga ƙwayarsu ja-ja ce kamar an shafa musu lalle, har na tsaya ina kallon kyansu. Na shanya su a baranda wuni guda, rana ba ta fito ba. Da yamma na taɓa na ji kamar sun bushe. Na ƙulle su cikin leda biyu tam don kada ƙwari su shiga, na shimfiɗa su a akwatin Inna tsakanin zannuwanta da carbinta, na watsa kafur, na kulle. Na ji a raina na yi mata abin da ya dace.

Shekara biyu da wani abu ban buɗe akwatin ba. Ƙanshin zannuwanta kuka yake sa ni.

Kawu kuwa ya samu aikin gadi a wani gida a Tudun Jukun. Mutumin da yake noma gonar da sai ka yi tafiya kafin ka ga ƙarshenta, ya koma buɗe wa mota ƙofa yana rufewa. Kowace Juma’a in an sauko daga masallaci yakan biyo ta wurina, in shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, in dama masa fura. Kafin ya tashi sai ya yi tambaya guda, ba ta canzawa.

“’Yar nan, amanar yayata tana nan?”

“Tana nan lafiya, Kawu.”

“To madalla. Ranar da hanya ta buɗe, shi zan fara sa wa ƙasa.”

Ba ƙarya nake yi ba, haka na ɗauka. Shi kuma bai taɓa cewa in nuna masa ba, don ba ya shiga madafar mata. Na lura duk Juma’ar da ya zo a gajiye, ko maigidan da yake wa gadi ya faɗa masa magana, da ya ji “tana nan lafiya” sai kafaɗunsa su sauka. Ya rasa gona, ya rasa shanu, ya rasa yayarsa. Wannan ne kawai abin da ya rage masa na cewa zai koma.

Muna da maƙwabciya, katanga ɗaya ta raba mu, kowa Malama yake ce mata. Kirista ce, danginta tsofaffin mutanen Zariya ne, Hausarta ta fi tawa. Da Sallah in aika mata tuwo, da Kirsimeti ta aiko mini shinkafa da cincin. Na san tana aiki a wurin binciken noma, amma ban taɓa tambayar me take yi ba. Wata Juma’a cikin bazara ta shigo da mangwaron bishiyarta a kwando, ta tarar da Kawu yana shan fura yana kushe ta.

“Wannan ba gero ba ne, ƙaiƙayi ne aka yi wa ado,” in ji shi. “Da kin sha furar geron garinmu, Malama, da kin daina gaishe da wannan.”

Ta ajiye kwandon ta jawo kujera. Ta tambaye shi wane gari, ya faɗa. Ta tambayi kamannin geron, ya kwatanta mata gashin da saurin nunar. Na ga ta gyara zama.

“Baba, ka san aikina ke nan? Muna tara gero daga garuruwa daban-daban, mu shuka kowanne a tukunyarsa. In ya fitar da ganye mu yanki ɗan kunnensa mu niƙa, mu fitar da abin da ke ɗauke da gadonsa. Da shi muke gane wane ɗan’uwan wane ne, wane ne bare.”

“Ikon Allah! Gero ma sai an bi masa asali? Aure za ku yi masa?”

“Aure mana. Masu fitar da sabon iri ba sa son su yi ta haɗa ’yan gida ɗaya. In duk jini ɗaya ne, ciwo ɗaya sai ya kwantar da su gaba ɗaya. Bare muke nema, mai abin da sauran ba su da shi.”

“To mu a garinmu auren zumunci muke yi, ga mu nan garau.”

“Garau, Baba? Da wannan gwiwar da na ga kana ja tun daga bakin titi?”

Kawu ya yi dariya har fura ta sarƙe shi. Da ya natsa sai ya ɗaure fuska.

“Na ji ana cewa kuna taɓa halittar iri, a shuka bana, baɗi ya ƙi fita.”

“Ni dai aikina dubawa ne. Ba na ƙara masa komai, ba na rage masa. In ka ba ni kaɗan zan shuka maka shi ya yi yawa, in dawo maka da naka hannu da hannu. Baba, yankinku shekara da shekaru ba wanda ya iya shiga daga cikinmu. A takardata wurin nan fili ne, babu komai.”

Kawu ya juya ludayi cikin furar. Can ya ce to, amma shi zai zaɓa da hannunsa, kuma yau lokacin aikinsa ya yi. Ya juyo gare ni.

“Juma’a mai zuwa ki sauko mini da shi. Ki bi a hankali, kada ki kakkaɓe masa hayaƙin.”

Sai a lokacin na gane shi a zatonsa damin yana rataye har yanzu. Muryar Inna ta dawo mini: hayaƙi yake so.

Suna fita na yi sallar la’asar, ban san me na karanta ba. Na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Da na ɗaga murfin ƙanshin kafur ne ya fara zuwa, a bayansa wani wari kamar na ɗakin da ruwa ya kwana a ciki. Ledar ta yi gumi daga ciki ta bushe, ta manne. Na kwance ƙullin. Zangarnun sun haɗe da juna, funfuna ta lulluɓe su, wani wurin toka-toka wani wurin kore. Na taɓa ɗaya, gashinta ya zube a tafina kamar gari. Har zanen Inna na ƙasa ya yi tabo.

Na zauna a ƙasa daɓas. Ban yi kuka ba a lokacin, sanyi ne ya kama ni cikin zafin bazarar nan. Abin da nake gani kawai fuskar Kawu ce ranar Juma’a.

Da safe, Asabar, na naɗe damin a mayafina na buga ƙofar Malama. Ta duba, ta shinshina, ta murje ƙwaya kaɗan a tafinta ta kai gaban taga.

“Maƙwabciya, me ya same shi?”

Na gaya mata duka, ban rage ba. Ina jira ta yi mini faɗa, da ta yi ma da na fi jin sauƙi. Sai ta ce, “Kin yi sakandare, kin san iri abu ne mai rai. Barci yake yi. Da kika sa masa ruwa kin tashe shi, sannan kika toshe masa hanci.” Ta ga yadda na yi sai ta dafa ni. “Tsaya, ba a yanke hukunci da ido. Kawo faranti biyu da tsumma mai tsabta.”

Ta zaɓi zangarnun da suka fi dama-dama, ta ƙirga ƙwaya hamsin, ta jera su a kan jiƙaƙƙen tsumma, ta kifa ɗaya farantin a kai. Ta ce in ajiye a inuwa, kada tsumman ya bushe. “Gero ba ya nawa. In da rai, gobe zuwa jibi za ki ga ɗan farin abu ya leƙo.”

Ban taɓa sanin kwana biyu suna da tsawo haka ba. Ina shara in je in ɗaga farantin. Ina wanke-wanke in goge hannu in je in ɗaga. Maigida ya ce, “Wai me ke cikin farantin nan da kike duba shi kamar mai jinya?” Na ce gwaji ne na Malama. Ranar Lahadi ƙwayoyin suka kumbura, na kira ta ta katanga. Ta leƙo ta ce ko mataccen iri yana shan ruwa, in ƙara haƙuri. Ranar Litinin farin abu ya fito, amma ba saiwa ba ce, funfuna ce mai kama da auduga. Na matsa ƙwaya ɗaya ta fashe, ruwa mai wari ya fito.

Muka sake jera wasu hamsin daga can tsakiyar damin. Na yi ta addu’a a kansu. Na san Wanda ke fitar da mai rai daga matacce, amma na san kuma ni na yi sakaci da abin da aka gaya mini da baki. Har wani tunani ya zo mini, in je kasuwa in nemo gero a zangarniyarsa in shafa masa baƙin tukunya. Na nemi tsari daga Shaiɗan. Ko ba don zunubin ba, ina zan samo mai gashi? Kuma da Malama ta niƙa ganyensa asirin zai tonu, ya fito ɗan’uwan geron kowa.

Ranar Laraba na gaya wa maigida. Ya ce, “Ki faɗa masa da bakinki. Kada ki bari ya gani kafin ya ji.”

Ranar Alhamis faranti na biyu ma ya ruɓe.

Juma’a na dama furar, na zubar da rabin nonon. Na ji sallamarsa tun daga zaure, da fara’a, har da sabuwar hula. Ya zo da ’yar wuƙarsa ta yankan zangarniya wadda na san ta tun ina yarinya. Malama ma ta shigo ta zauna gefe, ta yi mini alkawarin ba za ta bar ni ni kaɗai ba.

Na durƙusa a gabansa na ajiye damin a rufe. Na fara gaya masa. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ɗaga mayafin, ya duba, ya mayar ya rufe a hankali kamar yadda ake rufe fuskar mamaci.

“Da ruwa kika goge shi?”

“Da ruwan ɗumi, Kawu.”

“Wanka kika yi masa.”

“Na ga ya yi datti ne.”

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji’un.”

Ya cire sabuwar hular ya ajiye a gwiwarsa. Ya mayar da wuƙar aljihu. Bai yi faɗa ba, bai dube ni ba, idonsa yana kan katangar gidan kamar yana ganin wani abu a bayanta. Na ga tsufa ya sauko masa a zaune. Ƙuda ya faɗa cikin furar ba wanda ya cire.

Can sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Na tokar fa? Shi ma kin yi masa wankan?”

“Wane na toka, Kawu?”

“Yayata ba za ta ajiye iri wuri ɗaya ba. Uwarmu ba ta taɓa yi ba. Na rataye, na shuka ne. Akwai na ɓacin rana, wanda ake murjewa a cuɗa da toka a liƙe, saboda gobara, ko ɓera, ko in shukar farko ta ƙone. A gida a ’yar tukunya muke sawa. Ba ta nuna miki ba?”

Na miƙe na nufi tsohuwar madafa, suka biyo ni. Ranar ce Kawu ya fara taka wurin. Muka janye buhunan gawayi da tsofaffin kujeru, na hau turmi. Gwangwanin yana nan inda na bar shi, yanar gizo ta rufe shi. Ko a lokacin sai da na yi bisimilla sau uku kafin na kama shi.

Kawu ya fasa lakar da gindin wuƙarsa, ya juye a faifai. Toka ce fara fes, busasshiya. Ya sa yatsu yana motsawa, yana hurawa a hankali. Sai ga su suna fitowa, ƙwayoyin gero, cikakku, ba ƙwaro ko ɗaya. Ba su fi cikin tafi biyu ba.

Nan ne kukan da na riƙe mako guda ya ɓalle. Cikin kukan na gaya masa abin da na zata game da gwangwanin, da yadda na yi shekaru ina nema wa Inna gafara a kansa. Kawu ya saki baki.

“Yayar tawa? Matar da kina jaririya aka kawo laya a rataya miki ta jefa ta a murhu, har suka yi wata uku ba sa magana da kakarki? Kai, ’yan birni! Abin da ya kamata ki bari kin taɓa, abin da ya kamata ki buɗe kin tsaya kina masa istigfari.”

Malama ta ce, “Baba, gode wa Allah da ta ji tsoronsa. Da ta so shi kamar wancan, da shi ma ya sha ruwan ɗumi.”

Kawu ya yi wata ’yar dariya da hawaye a idonsa. Ni ban iya ba. Na zargi uwata da abin da ta fi kowa ƙi, kuma ba ta nan balle in roƙe ta.

Malama ba ta bar mu mun yi murna ba. Ta ce irin ya haura shekara uku, a wuri mai zafi ƙarƙashin kwano, ba ta da tabbas. Wannan karon ƙwaya ashirin kawai ta ƙirga, Kawu yana tsaye a kanta yana cewa ta rage. Ya hana ni riƙe farantin da farko, sannan ya miƙo mini da kansa. “Riƙe. Amma in kika sa masa turare ni da ke ne.”

Asabar ban ɗaga farantin ba sai sau ɗaya, don in yayyafa ruwa, ina kawar da ido. Ranar Lahadi da hantsi na yi alwala na je na ɗaga. Na ga fari. Na rufe da sauri, don na tuna farin ranar Litinin. Na sake buɗewa na kai shi bakin ƙofa wurin haske. Wannan ba auduga ba ce. Wani ɗan siririn abu ne mai tsini kamar bakin allura, ya fasa ƙwayar ya lanƙwasa yana neman tsumman. Na ƙirga, takwas.

Na fita da farantin a hannu na buga ƙofar Malama. Tana shirin tafiya coci, ta fito da ɗan kunne ɗaya a kunne ɗaya a hannu. Ta duba ta ce, “Maƙwabciya, tari acaɓa a kai wa Baba labari kafin ciwon zuciya ya kama mu duka.”

Kawu ya raba irin gida uku, ya ba ta kashi ɗaya. Bayan wasu makonni ta shigo da wata takarda mai zane kamar bishiya kwance, rassa suna rabuwa, a ƙarshen kowane reshe an rubuta lamba. Yawancinsu sun cunkushe wuri ɗaya. Ta nuna mini wani reshe can gefe, ya fita shi kaɗai.

“Ga naku.”

“Shi kaɗai? Hakan alheri ne?”

“Shi nake nema. Amma shi ne kuma abin tsoron. A cikin duk abin da muka tara ba shi da na kusa. Da ya tafi, ba mu da mai tsaya masa.”

Da damina ta sauka ta shuka shi a wani fili nesa da sauran gero, don kada iska ta kawo masa bununin wani geron su gauraya. Ta cika alkawari. Bayan girbi ta kawo dami guda har gida, ta ajiye a gaban Kawu. Ya bi zangarnun ɗaya bayan ɗaya, yana shafa gashinsu, yana murje ƙwaya da babban yatsa. Ya kai ƙarshe, ya sake komawa farko.

“Ja-jan fa? A cikin geronmu akwai wani ja-ja, ba shi da yawa, a kunya goma ka samu ɗaya. Shi yayata take ware wa fura.”

Malama ta ce ba ta ga ko ɗaya ba a filin. Ta ce mai yiwuwa Inna zangarniya uku ko huɗu ta murje a gwangwanin, damin kuwa talatin ne, kuma kowace zangarniya da abin da ta ɗauko. Abin da ke cikin damin kaɗai, ya tafi tare da shi.

Na tuna guda biyun nan da na tsaya ina kallon kyansu da tsumma a hannuna. Na gaya wa Kawu. Ya gyaɗa kai kawai, ya ci gaba da ɗaure damin.

Na kwashe kayan da ke tsohuwar madafa na mayar da murhu. Sau uku a mako nake girki da itace yanzu, maigida yana tsokanata wai gas ɗin ya zama kayan ado. Damin yana sama yana yin baƙi, in na ga baƙin hannuna yakan yi ƙaiƙayi, sai in kama wani aikin. Kawu ya koya mini tankaɗe toka da liƙe gwangwani. Ɗaya yana saman katangata, ɗaya yana ɗakin gadinsa a Tudun Jukun, Malama kuma ta ce nasu yana ɗakin sanyi a wurin aikinta. Duk da haka in marka ta kama, sau biyu a rana nake shiga in ɗaga kai in shinshina.

Hanya ba ta buɗe ba har yau. Kawu ya daina yi mini tambayarsa ta Juma’a. Yanzu da kansa yake cire takalmi ya shiga madafar ya duba, sannan ya fito ya sha fura. Ni kuma duk inda na ji an ce ga wata mata daga yankinmu, a gidan suna ko gidan gaisuwa, sai na matsa kusa da ita. In mun gama jajanta wa juna, in tambaye ta ko da suka fito wani ya riƙo iri, ko a ciki ta taɓa ganin ja-ja. Na tambayi mata da yawa. Wata tsohuwa a Kwangila ta ce kamar ƙanwarta ta fito da wani ƙulli, amma ba ta san garin da ta sauka ba.